Daga filin jirgin Roma zuwa bakin jirgin ruwa: jirgin ƙasa ko shatar mota?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san Italiya su taimaka mini da shawara. Ƙanin maigidana da ke aiki a Turai ya biya mana tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan nan na shaƙatawa, irin wanda za ka rantse unguwa guda aka ɗora a kan teku, wai don Hajiya ta sha iska bayan doguwar jinyar da ta yi. Mu huɗu ne: ni, Abban Hanifa, Hajiya da Hanifa. A takarda an rubuta jirgin zai tashi daga Roma ranar Juma'a da ƙarfe 6 na yamma, amma a gefe an maƙala wani suna, Civitavecchia. Jirgin samanmu kuma zai sauka Fiumicino, babban filin jirgin saman Roma, da ƙarfe 7 na safiyar wannan Juma'ar. Ni dai na ɗauka Civitavecchia ɗin sunan unguwa ne a cikin Roma. Yaya ake zuwa, kuma nawa ne kuɗin mota?

Baffa na Roma: Wa alaikumus salam 'yata. Ba unguwa ba ce, gari ne mai zaman kansa a bakin teku, arewa maso yamma da Roma. Tsakaninsu kusan kilomita 80, wato kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Kamfanonin jiragen ruwa ne ke rubuta Roma don sunan ya fi shiga kunne. Daga filin jirgin Fiumicino ya fi kusa kaɗan, kilomita sittin da 'yan kai, ta babbar hanyar A12 bai cika awa ɗaya ba in hanya a buɗe take. Sunan kuma ki faɗe shi Cibita-bekkiya, in ba haka ba direba zai tsaya yana kallonki.

Maman Hanifa: Kaduna zuwa Zariya? Innalillahi. Ai shi wanda ya biya bai faɗa mana haka ba, Baffa.

Injiniya KN: Anti kada ki tsorata, abu ne mai sauƙi kuma mai arha. Na yi shi da kaina. A cikin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa. Ki hau FL1, Yuro 8, ki sauka a Roma Trastevere. Nan ki canza zuwa FL5 mai zuwa Civitavecchia, lokacin da na hau bai kai Yuro 5 ba. Gaba ɗaya awa biyu ko ƙasa da haka in kin yi sa'ar haɗuwar jiragen. Ku huɗu ba za ku wuce Yuro 60 ba har da bas. Tasi kuwa sai kin ajiye sama da ninki biyu na wannan. Ki buga da canjin yau ki gani, kuɗin buhun shinkafa nawa ne.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya, kai da me ka yi tafiyar?

Injiniya KN: Da jakar goyo, Hajiya.

Hajiya Mai Atamfa: To ai shi ke nan ka amsa wa kanka. Maman Hanifa, akwatunanku nawa? Kuma Hajiya tana iya hawa bene?

Maman Hanifa: Manya biyar, sai na hannu kowa da nasa. Hajiya kuwa gwiwa ce matsalarta, da sanda take tafiya, sallah ma a kujera take yi.

Hajiya Mai Atamfa: Akwati biyar, tsohuwa da sanda, yarinya ƙarama, ga kwana a jirgin sama ba barci. Shi ne za a ce ku sauka a wata tasha ku canza jirgi? Wa zai riƙe Hajiya, wa zai riƙe Hanifa, wa zai ja akwati biyar? Hannu huɗu ne da ku ke da maigidanki. Ƙanwata ki ɗauki shatar mota tun daga gida, babba mai kujera bakwai ko takwas, direba ya tare ku a bakin fita ya sauke ku a gindin jirgi. Wanda ya iya biyan jirgin ruwa na mako guda ba kuɗin mota ne zai karya shi ba.

Injiniya KN: Hajiya ba zancen karyewa ba ne. Mu Hausawa da zarar mun fita waje sai mu riƙa jin tsoron jirgin ƙasa kamar dodo, alhali Turawan da suka fi mu kuɗi shi suke hawa. Na ga tsofaffi 'yan Amurka suna jan akwatinsu a Trastevere.

Hajiya Mai Atamfa: Akwati ɗaya ɗaya suke ja, ɗan nan, kuma sun kwana a otal sun yi wanka sun karya. Ba su taso daga Kaduna jiya da azahar ba.

Talaka Bawan Allah: Ikon Allah. Mu muna nan muna lissafin kuɗin A Daidaita Sahu, wasu na rigima kan Yuro. Allah Ya ba mu mu ma.

Maman Hanifa: Amin Malam. Wallahi mu ma kyauta ce ta faɗo mana, ko Legas ban taɓa ganin teku ba.

Uwar Biyu: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Kun bar jaki kuna dukan taiki. Maman Hanifa, kin ce za ku sauka ranar da jirgin ruwan zai tashi? Wannan shi ne abin gyarawa, ba jirgin ƙasa ko mota ba. Bari in ba ki labarina. Mu ma haka muka yi, don gudun kuɗin otal na dare ɗaya. Jirginmu na farko ya makara a hanya, muka rasa na biyu a inda za mu canza, aka sa mu a na gaba. Maimakon safiya sai muka sauka bayan ƙarfe ɗaya na rana. Ga layin masu duba fasfo kamar na zaɓe. Muka fito wurin kaya, akwati ɗaya bai zo ba, wanda maganin maigidana ke ciki. Muka tsaya cike takarda. Lokacin da muka shiga mota har uku da rabi ta wuce. Ina zaune a baya ina kallon agogon gaban mota, ina ta salati, yaran suna tambayata ko jirgin zai jira mu. Da muka shiga tashar na hango shi tsaye kamar dutse, amma zauren karɓar baƙi ya zama kango, ma'aikata har sun fara naɗe igiyoyin layi. Mu ne kusan na ƙarshe. Akwatin sai a tasha ta uku ya same mu. Tun daga ranar na yi rantsuwa.

Maman Hanifa: Subhanallahi. Amma ai shida aka ce, Anti. Ko mun isa biyar da rabi ba mu makara ba ko?

Uwar Biyu: A'a ƙanwata. Shida lokacin kwance igiya ne. Rajistar sababbin fasinjoji ana rufe ta tun kafin nan, wasu kamfanonin awa ɗaya da rabi, wasu awa biyu. Ki duba takardarki da kyau, akwai lokacin da aka ba ku na zuwa da kuma lokacin rufewa. In aka rufe an rufe, ba kamar motar tasha ba ce da za ki ce wa kwandasta a jira Hajiya tana alwala.

Baffa na Roma: Uwar Biyu ta faɗi gaskiya, kuma in ƙara mata da abu ɗaya wanda baƙo ba ya sani: yajin aiki. A nan sunansa sciopero, ki riƙe kalmar, shopero ake faɗi. Ma'aikatan jirgin ƙasa, na bas, na filin jirgi, kowa na yin nasa, kuma sau da yawa Juma'a ake sa shi. Alherinsa ɗaya, ana sanarwa tun kwanaki kafin ranar, kuma a ranakun aiki doka ta tilasta jiragen ƙasa na yanki, irin su FL1 da FL5, su yi aiki daga 6 zuwa 9 na safe da kuma 6 zuwa 9 na dare. To ke da za ki fito daga filin jirgi wajen tara, kin ga kin faɗa daidai inda babu tabbas. Ranar yaji kuma tasi ma wahala take, don kowa ita yake nema.

Injiniya KN: Baffa ai ba kullum ake yajin ba.

Baffa na Roma: Ba kullum ba, ɗana. Shekara goma sha bakwai ina hawa jiragen nan, na fi ka son su. Amma ranar da mutum ke da abin da ba ya jira, ba ya ɗora shi a kan "ai ba kullum ba".

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina lahiyarku. Ni ina Brescia amma na bi ta tashar nan sau da dama, don nan ma ake hawa manyan jiragen da ke ɗaukar mutane da motoci zuwa Sardiniya da Barsalona da Tunis. Abin da Injiniya bai hwaɗi ba shi ne, in ka sauka jirgin ƙasa a Civitavecchia ba ka iso ba tukuna. Tashar jirgin ƙasa daban, tashar ruwa daban. Sai ka biya bas ko ka taka da ƙahwa wajen minti ashirin zuwa wani hili da ake ce ma Largo della Pace, nan ne bas na kyauta ke ɗaukar mutane zuwa gindin jirginsu. Tashar babba ce ƙwarai, jiragen shaƙatawa suna can kan doguwar katangar da ta shiga cikin teku. Ka ga jirgi kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma tahiya ce. Ka lissafa: jirgin ƙasa biyu, bas biyu. Sau huɗu kenan ana ɗora kaya ana saukewa.

Hajiya Mai Atamfa: Akwati biyar sau huɗu. Injiniya kai ne mai lissafi.

Injiniya KN: Ashirin ɗorawa, ashirin saukewa. To na ji. Ga mai irin wannan kaya na sallama. Amma ban sallama cewa jirgin ƙasa ba shi da amfani a tafiyar nan ba, zan dawo kan maganar.

Malamin Tarihi: Tunda ana maganar garin, ku ba ni minti ɗaya. Ma'anar sunan "tsohon gari". Sarkin Rum Trajan ne ya gina tashar a farkon ƙarni na 2 miladiyya, lokacin sunanta Centumcellae. Wato tun zamanin Rumawa birnin ya dogara da tashoshin da ke nesa da shi, domin Roma ba a bakin teku take ba, a bakin kogin Tiber take. Akwai kuma wata ganuwa a ƙofar tashar, Forte Michelangelo, ta ƙarni na 16. In kun kwana a garin ku zaga ta da yamma.

Talaka Bawan Allah: Malam ko tallar gyaɗa ake sai ka kawo Rumawa.

Maman Hanifa: Ni dai na ƙaru, Malam. To yanzu in mun canza tikiti muka sauka Alhamis, a ina ya fi mu kwana? Cikin Roma ko can garin?

Hajiya Mai Atamfa: Roma mana. Ki zo har Italiya ki kwana a ƙauyen masunta?

Baffa na Roma: Hajiya a nan kam ban bi ki ba. Ba ƙauye ba ne, gari ne sosai, da otal-otal da kantuna da wurin shan iska a bakin ruwa. Ki duba ta wannan fuskar: in suka shiga Roma, sun biya tasi daga filin jirgi zuwa tsakiyar birni, gobe kuma su sake biyan shata daga birni zuwa tasha, wadda ta fi ta filin jirgi nisa. Biya biyu. Otal ɗin tsakiyar Roma kuma da yawa tsofaffin gine-gine ne, na'urar hawa bene 'yar mitsitsiya, mutum biyu da akwati ɗaya ta cika, wasu ma sai ka taka matakala kafin ka kai gare ta. Ga titunan duwatsun nan baƙaƙe da ke cin tayar akwati. In suka wuce Civitavecchia kai tsaye, mota ɗaya ce, Hajiya ta miƙe ƙafa, da safe ta buɗe taga ta ga jirginta. Roma kuma ba guduwa za ta yi ba, suna da ranar dawowa.

Uwar Biyu: Haka na yi a karo na biyu. Barcin da na yi a daren nan ban taɓa irinsa a tafiya ba.

Hajiya Mai Atamfa: To na yarda, saboda gwiwar Hajiya. Amma ni da kaina Roma zan kwana.

Maman Hanifa: Maganar motar fa? In mun fito kawai mu tsayar da tasi, ko sai an yi oda?

Baffa na Roma: Hanya biyu ce ta halal. Ta farko farar tasi mai alama a kai, wadda ke layi a wajen ƙofar fita. Tasin hukumar birnin Roma na da tambarin birnin a ƙofa, kuma akwai ƙayyadadden farashi zuwa wasu wurare, har da tashar Civitavecchia, a rubuce a jikin motar. Ya haura Yuro 100 nesa ba kusa ba, kuma an yi ƙari a 2024, don haka ki karanta abin da ke jikin ƙofar, ki nuna wa direba da yatsa kafin a ɗora kaya. Ta biyu motar shata mai lasisi, a nan NCC ake ce musu, ana yin oda ta intanet, a gama ciniki tun kafin ki taso. Da akwati biyar wannan ta fi miki, don ƙaramar tasi ba za ta ɗauke ku ba, sai kin jira babba. Ki rubuta musu adadin akwati da gaskiya, kada ki rage. Ki ba su lambar jirgin samanku don in ya makara su sani. Ranar hawa kuma ki faɗi sunan jirgin ruwan, domin wani lokaci huɗu ko biyar ne a tsaye rana ɗaya, kowanne da mashigarsa. Ki kuma tambaya a rubuce ko motar na da izinin shiga cikin tasha har gindin jirgi, ko a ƙofa za ta ajiye ku. Ba kowace ke shiga ba.

Ɗan Damagaram: Kuma wanda duk ya tare ki cikin zaure yana "tasi, tasi" a hankali kamar mai tallar abin sata, kar ki ko dube shi. Ɗan kamasho ne. Ni sun taɓa yi mini ina sabon zuwa. Mutum da kwat, ya amshe jakata yana dariya, ya kai ni wurin ajiye motoci, baƙar mota ba alama. Da muka isa ya hwaɗi kuɗi ninki biyu, jakata kuma tana kulle a but. Na biya.

Gimbiyar Zazzau: Afuwan na shigo a makare. Maman Hanifa, an duba bizarku kuwa? Jirgin ina da ina zai tsaya?

Maman Hanifa: Palermo, Malta, Barsalona, Marseille, sai wani wuri ɗaya a Italiya kafin mu dawo.

Gimbiyar Zazzau: To da sauƙi, duk cikin yankin Shengen ne, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga. Na tambaya ne don wasu jiragen kan leƙa Tunisiya ko Turkiyya, kuma in bizarki ta shiga ɗaya ce, da kin fita yankin ta mutu, a ƙofar jirgi ma za a iya hana ki hawa. Duk da haka ki duba kwanakin da aka ba ku. In za ku sauka Alhamis maimakon Juma'a, ki tabbatar ranar fara aikin bizar ta rufe Alhamis ɗin, kuma adadin kwanakin ya isa har ranar fita. Na san wadda ta matso da tafiyarta da kwana ɗaya ta manta da wannan.

Maman Hanifa: Kai, Allah Ya saka. Yanzu na ɗauko fasfo ɗin na duba, daga Talata ta fara, kwana goma sha biyar. Alhamdulillahi.

Gimbiyar Zazzau: Sai kuma keken guragu. Ki gaya wa kamfanin jirgin sama aƙalla kwana biyu kafin tafiya cewa Hajiya na buƙata, kyauta ne. Fiumicino tafiya ce mai nisa daga ƙofar jirgi zuwa wurin fasfo. Kada ta ce kunya take ji.

Maman Hanifa: Kamar kin san ta. Cewa za ta yi ita ba gurguwa ba ce. Yanzu ma rigimar da muke yi, ta sa an yi mata odar kilishi rabin akwati, da man shanu.

Baffa na Roma: Ki ba ta haƙuri. Nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai haramun ne a shigo da su, ko busasshe ne. Za a karɓe, ana iya cin ku tara. Yaji da kuka da daddawa ban taɓa samun matsala da su ba. Ta rage akwati ɗaya ma ta huta.

Malam Na'ibi: Tambaya a gefe: in jirgi yana tafiya yana juyawa, yaya za su yi da alƙibla?

Admin: Malam a buɗe wa wannan zare nasa daban, don na san in aka fara sai gobe. A nan a tsaya kan hanya da mota.

Injiniya KN: To na dawo kamar yadda na yi alkawari. Anti, ranar dawowa ƙarfe nawa jirginku na gida?

Maman Hanifa: Sha ɗaya na dare. Jirgin ruwan kuma an ce zai iso bakwai na safe.

Injiniya KN: Yauwa. Awa goma sha shida. Za a sauke ku daga jirgi kafin goma na safe, ko kun so ko kun ƙi, domin sababbin fasinjoji na jiran ɗakunan. In kuka bi shawarar shata kai tsaye zuwa filin jirgi, za ku zauna a kan benci tun hantsi, kuma ba za a karɓi kayanku ba sai saura awa uku ko huɗu a tashi. Ga Roma a gefe ba ku gan ta ba. Jirgin FL5 yana tsayawa a San Pietro, wato Vatican da ƙafa, sai Trastevere, Ostiense, ya ƙare a Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, awa ɗaya da 'yan mintuna. A Termini akwai ma'ajiyar kaya ta biya, ku zube akwatunan, ku yi yawo hannu sake. Da yamma ku hau Leonardo Express, Yuro 14, minti 32 ba tsayawa har cikin filin jirgi. Ranar nan babu jirgin ruwan da zai tafi ya bar ku, ko an yi latti ba komai.

Hajiya Mai Atamfa: Akwatunan fa, sun zama auduga a cikin mako ɗaya? Ai ƙaruwa ma za su yi da tsaraba.

Baffa na Roma: Ku tsaya, kowannenku na da rabin gaskiya. Injiniya, ka manta jiragen Civitavecchia yawanci a layukan can ƙurya suke tsayawa a Termini, daga 25 zuwa sama, tafiyar kusan minti goma kafin ka fito zaure. Kuma safiyar da manyan jirage uku suka sauke mutane, jirgin ƙasan cika yake har bakin ƙofa, kowa da akwati, ba lallai Hajiya ta sami kujera ba. Amma maganarka ta ganin gari daidai ce. Abin da zan yi in ni ne: shata daga gindin jirgi zuwa Termini, a ajiye kaya. Ranar Juma'a ce, sai ku yi tasi zuwa babban masallacin Roma da ke Parioli, wanda aka buɗe a 1995, Saudiyya ce ta ba da kaso mafi tsoka na kuɗin gininsa. Bayan sallah ana kasa abinci a bakin ƙofa, na Larabawa da na 'yan Bangaladash, Hajiya za ta sami abin da bakinta zai karɓa. Mai ƙarfin ƙafa yana iya hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio ya sauka Campi Sportivi, kusa da masallacin. Da la'asar ku dawo ku ɗauki kaya, sai jirgin Injiniya zuwa filin jirgi. Wannan kam ba canji, ba bene mai yawa, yana da wurin akwati.

Injiniya KN: Na karɓi wannan sulhun. Abu ɗaya kawai Anti: in kin sayi tikitin takarda na jirgin yanki, sai kin cusa shi a 'yar na'urar da ke bakin layi ta buga masa lokaci kafin ki hau. In ba ki yi ba, a wurin mai dubawa kamar ba ki saya ba ne, tara zai rubuta, kuma "ban sani ba" ba ta aiki. Na biya wannan makarantar. Wanda aka saya ta waya ba a cusa shi, amma an ɗaure shi da jirgin da kika zaɓa.

Uwar Biyu: Kuma a daren ƙarshe za a ce ku fitar da manyan akwatuna ƙofar ɗaki, a ba ku takardar launi, da safe a riƙa kiran launi launi. Kada ki sa maganin Hajiya, fasfo ko kayan da za ku sa da safe a ciki. Na ga mutum yana yawo da rigar barci yana neman takalmi. Ki kuma ce wa direba ya zo kamar rabin awa bayan lokacin launinku, ba lokacin isowar jirgi ba.

Ɗan Damagaram: A Termini kuma jakar hannu a gaba, ba a baya ba. Yaran nan masu yankan aljihu sun hi na kasuwa gwaninta.

Maman Hanifa: Jama'a na rasa bakin godiya. Na tura wa Abban Hanifa duk abin nan, ya kira ƙaninsa. An matso da tikiti zuwa Alhamis, an biya ɗan ƙari. Za mu kwana Civitavecchia, shata zuwa, dawowa kuma tsarin Baffa. Kilishin ma an raba wa maƙwabta, Hajiya ba ta yi mini magana tun safe.

Talaka Bawan Allah: Wane layi kuke a Kaduna? In akwai saura.

Maman Hanifa: Salamu alaikum, na dawo da rahoto tunda ku kuka haɗa tafiyar. Mun iso gida shekaranjiya lafiya. Jirginmu na zuwa ya makara awa biyu da rabi, ina ta tuna Anti Uwar Biyu. Direban yana nan riƙe da allo, ya rubuta sunan Abban Hanifa ba daidai ba har sai da muka wuce shi sau biyu. Hajiya ta hau keken ba gardama da ta ga tsawon hanyar, har tana ce wa mai tura ta sannu da aiki da Hausa. Kuskure ɗaya na yi: na yi odar mota daga filin jirgi zuwa otal, na manta da ta otal zuwa jirgi da safe, a zatona kusa ne. Sai mai otal ya kira mana tasi biyu, don ɗaya ba ta ɗauke mu ba. Dawowa kuma ma'ajiyar kaya ta Termini layi ne mai tsawo, mun kai minti arba'in, da kyar muka riski huɗuba. Baffa, mun duba ko za mu ga mai kama da Bahaushe a sahu ba mu dace ba.

Baffa na Roma: Ayya, ranar ina aiki, a ƙaramin masallacin unguwarmu na yi. Barka da dawowa 'yata, a gaishe da Hajiya da jiki. Gwiwar fa?

Maman Hanifa: Da sauƙi Baffa, tana amsawa. Injiniya, Abban Hanifa ya ce in gaya maka jirginka na Yuro 14 ya fi duk motocin da muka shiga daɗi.

Injiniya KN: Hajiya Mai Atamfa, kina kusa?

Hajiya Mai Atamfa: Ina shago, ina da baƙi.

Gimbiyar Zazzau: Maman Hanifa don Allah turo mini sunan otal ɗin da na masu motar ta akwatin saƙo. Yayata za ta tafi watan gobe, ita kuma akwatinta bakwai.